Tafkin Hashmi da Lemon Umma

Nabul, 14 ga Disamba, 1987

Zuwa ga ƙanena Hashmi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Radiya da yara. Ka shafa mini kan Salwa. Ni ma lafiya lau, in ban da sanyi da ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa tun ranar Talata.

Ba zan ja ka da nisa ba, tafkinka yoyo yake yi. Wannan tafkin iyo da ka haƙe mana rabin bayan gida saboda shi, don ka zo wata ɗaya a shekara ka jiƙa ƙafa maƙwabta su leƙo ta katanga su gani. Da za ka tafi a watan Agusta ka ce kada in bari ruwa ya sauka ƙasa da tayil mai layin shuɗi. To ya sauka. Na ja tiyo na cika, ya sake sauka. Na ɗaura zare a jikin tsani ina aunawa, kusan yatsa biyu yake tafiya kowace rana, alhali sama ma zuba masa take yi. Ƙasar da ke gefen katanga ta zama taɓo, shekaranjiya sai da takalmina ya maƙale.

Ban kira ka a tarhon kantin Hamadi ba, don ba zan tsaya ina ihu a gaban masu sayen taliya su ji sirrin gidanmu ba. Shekarata hamsin da shida, gwiwoyina ka san halinsu, amma ga ni kowace safiya da rariya mai dogon hannu ina tsame ganye daga ruwan da ko yatsana ban taɓa tsomawa don daɗi ba. Wallahi na gaji. Kai ka gina abinka, ka ce kai magini ne a Faransa, sai ka faɗi abin da za a yi.

Lemon ɗacin Umma yana nan ƙalau, 'ya'ya har rassa na lanƙwasa. In Allah ya kai mu Maris, furen bana zai yi yawa.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Manubiya

Liyon, 27 ga Disamba, 1987

Zuwa ga Yaya Manubiya,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Radiya da yara suna gaishe ki. Nan ƙanƙara ce ke zuba, ku naku sanyin wasa ne.

Na karanta wasiƙarki, kuma ban ji daɗin yadda kika kira aikina ba. Yaya, shekara goma sha tara ina zuba kankare a ƙasar nan. Benen da na sa hannu a ciki ya fi duk wani gini na Nabul tsawo. Tafkin da na tsaya a kansa da kaina ba ya yoyo haka kawai. Ruwa yana bin iska, ko makaranta an koya mana wannan. Kuma ki gafarce ni, na san ki da tausayin shuka. In kina ɗiban bokiti ɗaya biyu kina ba na'ana'a da faski, ki faɗa mini kawai, ba zan yi fushi ba.

In kuwa da gaske yoyo ne, na san mai laifi. Bishiyar lemon nan ce. Tun ranar da ake haƙa na ga saiwoyinta, na ce a cire ta, kika zauna a gindinta kina kuka har leburori suka ji kunya. Taku huɗu ne tsakaninta da bangon tafki. Saiwa tana jin ƙanshin ruwa, tana fasa kankare kamar yadda ake fasa ƙwai. Na ga irin haka a nan ba sau ɗaya ba.

Ga abin da za ki yi. Ki buɗe magudana ki kwashe ruwan kaf, a ga tsagar. Sannan a sare bishiyar a tone kututturen. Ruwan furen lemo dai a kasuwa ake sayar da shi kwalba-kwalba, ba sai kin ƙona fuskarki a bakin wuta kwana uku ba. Ni hutu nake nema miki.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Hashmi

Nabul, 9 ga Janairu, 1988

Hashmi,

Sallama, don Musulunci ya ce a yi. Ina fata yara lafiya.

Ni ce ɓarauniyar ruwa? Ni? A watan da sama ke zuba kamar an ɓalle famfo, zan ɗauki bokiti in ɗebi ruwanka mai warin magani in zuba wa na'ana'ar da nake shan shayi da ita? Sau uku na karanta wurin nan. Ni na goya ka, Hashmi. Ni na wanke maka majina da bakin zanena. Yau don ka iya ɗaura abin wuya sai ka koya mini cewa ruwa yana bin iska.

To na kira Usta Shazli, tsohon nan mai gyaran famfo da ke kula da tafkunan masaukan baƙi na bakin teku. Ya zo da kekensa, ya zagaya tafkin sau biyu hannu a baya. Na karanta masa wasiƙarka. Ya ce, "Hajiya, wace rana ce a Disamba za ta sha yatsa biyu? Ko dai ranar Faransa ce ya aiko muku a ambulan?" Ya ce in kawo bokiti. Ya cika shi da ruwan tafkin, ya sa dutse a ciki, ya ajiye a kan matakala ta biyu yadda ruwan ciki da na waje suka zo daidai, ya ja layi da fensir ciki da waje. Ya ce iskar da za ta sha na tafki ita za ta sha na bokiti, in sun rabu to ƙasa ce ke sha. Muka dace da kwana biyu babu ruwan sama. Na bokiti ko gashin ido bai motsa ba. Na waje ya sauka yatsa huɗu. Ga makarantarka nan.

Da na ce ka ce a kwashe ruwan kaf, sai da ya cire hularsa. Ya ce, "Wa ya faɗi haka? Magini? A tsakiyar hunturu?" Ya ce ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, nauyin ruwan ciki ne ke danne tafkin. In aka kwashe, ruwan ƙasa zai turo shi sama kamar ƙwarya a cikin baho, ya tsage gida biyu. Na ce ai ƙanena ya gina bene. Ya ce, "Allah ya tsare na cikin benen."

Shawararsa ita ce a kashe injin da ke juya ruwan tafkin, a toshe bututun da ke kai ruwa da komowa, kada in ƙara ko ɗigo, a zuba ido. Ruwa zai yi ta sauka har ya iso bakin ramin da yake tserewa, a nan zai tsaya. In ya sauka har ƙasa, matsalar a gindi take. In ya tsaya a hanya, sai a bi layin a duba. Yau kwana huɗu ke nan muna kallo.

Yanzu maganar bishiya. Ka ce ruwan fure a kasuwa yake. Umma ta dasa lemon nan shekarar da aka haife ka, don ka zo da ciwon ciki kana tsala ihu, ta ce ba za ta ƙara roƙon maƙwabta ruwan fure ba. Da shi aka shafa maka goshi duk zazzaɓin da ka yi. Da shi aka yayyafa wa baƙi ranar aurenka. Shekara bakwai da ta yi a kwance, kai kana can kana aiko katin gaisuwa, ni nake ɗaukar ta in kai ta gindinsa, tana nuna mini da sanda wane reshe za a fara tsinka. Da na tukunyar ƙarshe da ta gani na wanke gawarta, kai jirginka bai sauka ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Kattar ɗinta, wato tukunyar jan ƙarfe da muke turara furen a ciki, yana nan a kan kabad, kowace shekara nake sauke shi. Ka je kasuwa ka tambaya ko suna sayar da wannan.

Babu mai taɓa bishiyar nan ina numfashi. Ka gaida Radiya, ita ba ta yi mini komai ba.

Manubiya

Liyon, 21 ga Janairu, 1988

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta zo, kuma na gode da kika tuna mini ban ga gawar Umma ba. Dama na manta, shi ya sa nake barci lafiya.

Kin ɗauko wani tsoho mai keke da bokiti ya zauna a gidan ubana yana yi mini dariya, ke kuma kina rubuto mini har da yadda ya cire hula. Madalla. Bokitinsa ya nuna akwai yoyo, to ai abin da na faɗa ke nan. Bai nuna ba saiwa ba ce. Kuna zaune kuna kallon ruwa yana bin ƙarƙashin katanga, sai ta faɗa wa maƙwabta a ce gidan su Hashmi ne.

Kullum ke ce mai Umma, ke ce mai gida, ni baƙo ne mai zuwa da akwati. Ki tuna kaso biyu cikin uku na gidan nan nawa ne, har da ƙasar da bishiyar ke tsaye a kai. Ban taɓa faɗa ba sai yau da kika kai ni bango. Yarana ba su san komai na ƙasarsu ba sai wannan tafkin, shi ke sa su yarda su zo. Ba zan bar shi ya lalace saboda kwalba goma na ruwan ƙanshi ba.

Tunda ke ba za ki iya ba, na rubuta wa Munsif ɗan Baffa. Zai zo da zarto in sama ta yi sauƙi. Kada ki tsaya masa a hanya, ki bar mu mu rabu da mutunci.

Wassalam.
Hashmi

Nabul, 2 ga Fabrairu, 1988

Hashmi,

Assalamu alaikum. Ka nemi kujera ka zauna kafin ka karanta.

Ruwa ya tsaya. Tun ranar ashirin da uku ga Janairu ya tsaya cak, kwana huɗu bai ƙara sauka ba. Ka san a ina? Daidai tsakiyar fitilar nan ta cikin ruwa. Fitilar da ba ta cikin ginin farko. Fitilar da ka ɗauko a bayan motarka bara, ka ce kana so ruwa ya riƙa haske ranar walimar kaciyar ɗanka. Kuma tana bangon gabas ne, Hashmi. Bishiya tana yamma. Tsawon tafkin gaba ɗaya ne a tsakaninsu.

Usta Shazli ya ce in ƙara ruwa ya rufe fitilar, in kuma kawo bular wanki. Ya dama ta a kofi, ya zuƙa a sirinji, ya shimfiɗa buhu a bakin tafki ya kwanta rub da ciki. Tsoho ɗan saba'in, hannu cikin ruwan da ke yanka ƙashi. Ya fara da bangon yamma, gefen bishiyar, don in gani da idona. Ya bi layin tayil yana ɗiga shuɗin kaɗan-kaɗan. Ko'ina sai ya tsaya ya bazu a hankali, babu inda ya nufa. Da ya zo kan fitilarka ya ɗiga, wallahi sai shuɗin ya miƙe kamar zare ya shige bayanta, zuruf. Sau uku ya yi, sau uku yana shigewa. Ya ɗago yana kaɗa hannu don sanyi, ya ce, "Hajiya, ga saiwar nan, amma da injin huda bango aka dasa ta."

Muka rage ruwa tafin hannu ɗaya ƙasa da wurin, ya kwance fitilar. Ramin da ka huda don waya ya fi bututun faɗi, yatsu biyu na shiga a gefe. Ka san da me aka cike gibin? Takardar buhun siminti aka cusa, aka shafe bakin da farar ƙasa. Takardar ta ruɓe ta zama kunu. Na tuna ranar sarai. Baƙi za su zo da la'asar, kana gumi, na ce ka jira a kira mai aikin, ka ce in koma kicin in ji da kuskus. Na ajiye maka guntun takardar a cikin gwangwani, har tambarin kamfanin ana gani.

Gyaran ba wuya, in ji shi, sanyi ne matsala. Ya sassaƙe gefen ramin, ya kankare ruɓaɓɓen, amma bango a jiƙe yake, kuma abin liƙin da ya sayo daga Tunis ba ya kamawa a danshi. Kwana biyu ke nan muna rataya kaskon garwashi da waya a gaban ramin, mun kafa tamfol a sama, ni ce mai fifita. Idanuna sun yi ja saboda hayaƙi. In ya bushe zai cusa siminti mai saurin kamawa, ya bi da abin liƙin, a jira kwana uku kafin a cika.

Munsif ya zo ranar Asabar da zarto a kafaɗa, yana washe baki. Na tare shi a ƙofa da taɓarya. Na ja shi har bakin ramin na ce, "Duba da idonka, ɗan Baffa." Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "Yaya Manubiya, ni fa takarda ce a hannuna. Sai in ga wata takardar da hannun mai gida." Mai gida! Na san abin da ke ransa, jira yake ka aiko masa takardar gayyata ya tafi Faransa, ko cewa ka yi ya sare hasumiyar masallaci zai nemi tsani. Na ce in ya ƙara taka gidan nan da zarto sai na fasa masa gwiwa. Ya tafi yana cewa zai dawo.

Tun ranar ban fita ba. Burodi ma maƙwabciya ke sayo mini. Jumma'a kawai nake fita da safe in kai wa Umma ziyara, wannan kam ban taɓa fashi ba tun da aka binne ta, kuma ba zan fara saboda Munsif ba.

Yanzu ka ji. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, na san wuyanka ba ya lanƙwasa. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ka ɗaga tarho ka kira kantin Hamadi a kira maka Munsif, ka ce masa ya mayar da zartonsa. Kalma uku ce. Na duba rassa jiya, toho ya fara fitowa, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa.

Ina jiran ka. Allah ya shirye ka.
Yayarka, Manubiya

Liyon, Asabar 13 ga Fabrairu, 1988

Zuwa ga Yaya Manubiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane, ina fata idanun sun warke.

Wasiƙarki ta zo tun ranar Talata. Ba zan yi miki ƙarya ba, na karanta na jefa ta a aljihun tebur, na ce tsohon nan ne ya shirya don ya kunyata ni. Radiya ce ta ɗauko ta karanta. Ta ce, "Ai ina tsaye ranar, ni na miƙo maka takardar buhun." Kwana biyu ba mu yi magana ba.

To, ni ne. Na yi niyyar in dawo in gyara bayan walima, sai hidima ta sha kaina, daga baya na manta ɗungurungum. A wurin aiki da yaro ya yi mini irin wannan, a ranar zan kore shi. Maganar ɗiban ruwa da na yi, da maganar kaso, ki yafe mini. Zafin abin da kika faɗa kan jana'izar Umma ne, don gaskiya ne, kuma har yau yana ci na.

Na je rumfar tarho ranar Alhamis, har na ɗaga. Sai na tuna yadda Hamadi ke maimaita kowace kalma da ƙarfi don duk kanti su ji, kafin magariba gari ya ɗauka cewa maginin Faransa ya toshe rami da takarda. Na ajiye. Na ga gara in rubuta. Takardar Munsif tana tafiya tare da wannan, na ce masa kada ya kuskura ya taɓa ko ganye. Ai ba zai yi gaggawa ba, kin san shi da lalaci.

Ki gode wa Usta Shazli, ki ce na sara masa. In kin sauke kattar a Maris, ki ajiye mini kwalba biyu. Salwa tana fama da ciwon kai, na gaya mata akwai maganin kakarta a gida, bishiyar ma sa'ar babanta ce. Ta ce in mun zo za ta ɗauki hoto a gindinta.

Ki huta lafiya, Allah ya ƙara girma.
Ƙanenki mai laifi, Hashmi

Nabul, 23 ga Fabrairu, 1988

Hashmi,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta zo jiya, ta Munsif ma ta zo. Ya kawo mini ita har gida yana kuka.

Ya sare bishiyar ranar Jumma'a, goma sha biyu ga wata, ina maƙabarta. Ya haura ta katanga. Ka ce ranar Alhamis tarho yana hannunka.

Na bi rassan a ƙasa na tsince tohon, bai cika kofin shayi ba, kuma bai buɗe ba, babu abin da zai bayar. Kwalba ɗaya ta rage ta bara. Na ba direban da ke zuwa Faransa ta Marsiliya ya kai wa Salwa, ita ba ruwanta. Ka ce ta riƙa shafawa kaɗan-kaɗan, babu wata.

Na ɗauki kattar da kayana na koma ɗakin da ke saman gidan Usta Shazli, matarsa ta ba ni. Mabuɗinka yana wurin Hamadi, na kuma gaya masa dalili da ƙarfi, kanti cike.

An cika tafkin ranar takwas ga wata. Yau kwana goma sha biyar, ruwa yana kan layin shuɗi, ko gashin ido bai sauka ba. Fitilar ma tana kamawa. Ganye kuma ba zai ƙara zubo maka a ciki ba.

Ka zo ka yi iyo.

Manubiya